Samfurina yana aiki a Python, amma ya rikice a MetaTrader

Tambaya: Assalamu alaikum. Na horar da samfurin koyon na'ura da Python domin ya riƙa hasashen inda farashin Yuro da Dala zai nufa, na fitar da shi a tsarin ONNX, sannan na ɗora shi cikin manhajar da ke saye da sayarwa da kanta a MetaTrader 5, dandalin cinikin kuɗaɗen ƙasashe ta intanet. Hasashen da yake bayarwa yanzu ya sha bamban da wanda na gani lokacin horarwa. Shin fayil ɗin ne ya lalace wajen fitarwa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce laifin fayil ɗin ne. Kamfanonin Microsoft da Facebook ne suka fito da tsarin ONNX a 2017 domin samfurin da aka horar a wata manhaja ya iya aiki a wata, kuma kamfanin MetaQuotes, mai MetaTrader, ya ba shi gurbi a MQL5, harshen da ake rubuta manhajojin MetaTrader 5 da shi, a 2023. Abin da fayil ɗin ke ɗauke da shi shi ne lissafin samfurin da lambobin da ya koya. Duk gyaran da ka yi wa bayanai kafin ka miƙa masa su, a Python yake tsayawa, sai fa idan da gangan ka haɗa shi cikin abin da ka fitar.

A nan galibi gizo ke saƙa. Idan lokacin horarwa ka rage girman lambobin ta hanyar cire matsakaicinsu, ka raba da yawan bazuwarsu, to wajibi ne manhajar cinikin ta yi amfani da waɗancan lambobi biyu ɗin daidai wa daida, ba waɗanda ta sake lissafawa daga farashin yau ba. Samfurin da ya saba ganin lamba kamar 0.3, aka ba shi ɗanyen farashi kamar 1.0850, ba zai yi ƙorafi ba. Zai ba ka amsa cikin natsuwa, amsar kuwa shirme ce.

Sai ka duba jerin kyandirori, watau zanukan da kowannensu ke nuna motsin farashi a cikin wani ƙayyadadden lokaci, kamar awa ɗaya ko yini ɗaya. A Python yawanci mafi daɗewa ne ke farko, amma a MQL5, idan ka kira umarnin ArraySetAsSeries, mai sauya alkiblar jeri, kyandir mai lamba sifili shi ne na yanzu, watau jerin ya juye. Wannan kyandir ɗin kuma bai rufe ba tukuna, farashinsa na ta motsi, alhali da rufaffun kyandirori ka yi horon. Agogon dillali ma yakan bambanta da na wurin da ka samo bayanan, wanda hakan ke sauya lokacin da kyandir na yini ke buɗewa da rufewa.

Mutane sukan ɗora laifi kan bambancin da ke tsakanin lambobi masu bit 32, waɗanda yawancin samfura ke so, da masu bit 64 da MQL5 ke ajiye farashi da su. A ganina wannan ne abu na ƙarshe da za ka zarga, domin illarsa ƙarama ce, sai dai a samfurin da ke yanke hukunci kan wata iyaka, inda ɗigo ɗaya kan iya karkatar da shi.

Gwajin da zai raba gardama mai sauƙi ne. Ka sa manhajar ta rubuta lambobin da take miƙa wa OnnxRun, umarnin da ke sa samfurin ya yi hasashe, da amsar da ta samu, cikin fayil. Ka ɗauki waɗannan lambobi ka ba wa samfurin a Python. Idan amsoshin sun yi daidai, fitarwar lafiya lau take, sai ka koma ka gwada lambobin da na horarwa ɗaya bayan ɗaya har ka ga inda suka rabu. Bayan an daidaita, ka bar manhajar a asusun gwaji na wani lokaci, domin tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, da kuɗin da dillali ke cira, ba sa cikin lissafinka na Python sai idan kai ka sa su.