Girman kai da faɗuwa: hukunci ne ko aikin hannu?

Ka tambaya ko faɗuwar mai girman kai hukuncin Allah ne ko aikin hannunsa. Agustin, malamin Kirista na zamanin dā, ya ce tun kafin a ga faɗuwar, zuciya ta riga ta juya wa Allah baya ta dogara da kanta. Alamar farko a kunne take: mai girman kai ba ya jin gargaɗi. A wasan kwaikwayon Antigone na Sofokilis, marubucin Girka ta dā, sarki Kiriyon ya hana binne Folinikes, ɗan'uwan Antigone. Haimon, ɗan sarkin, ya roƙe shi, makahon mai duba Tiresiyas ya gargaɗe shi, bai sauko ba sai da aikin gama ya gama, ɗan da uwarsa suka kashe kansu.

A littafin Daniyel sura 4, cikin Littafi Mai Tsarki, Nebukadnezzar sarkin Babila ya samu wata 12 bayan gargaɗi. Yana kan rufin fadarsa yana yabon ƙarfinsa, maganar na bakinsa hukunci ya sauka: ya koma cin ciyawa kamar sa, farcensa kamar na tsuntsu.