Sabon mai gudu da ruwan sama: a fita ko a haƙura?

Tambaya: Ban daɗe da fara gudun motsa jiki ba. Ina haɗa sassarfa da tafiya, kamar minti 25 kowace safiya. To ga shi damina ta kankama, kusan kullum sai an yi ruwa. Ina tsoron in na dakata zan watsar da abin gaba ɗaya, amma kowa cewa yake dukan ruwa zai sa min mura. In fita ne ko in zauna? In zan fita, me zan sa?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fita abinka. Sai dai ba kowane ruwa ake shiga ba, kuma murar da ake razana ka da ita ba ita ce abin tsoron ba. Ƙwayar cutar bairas ce ke kawo mura, kuma daga jikin wani ake ɗaukarta, ta tari, atishawa ko hannu. Sanyi kan ɗan rage wa hanci ƙarfin kare kansa, amma in babu ƙwayar, jiƙewa kaɗai ba ta sa mura.

Abin da ba a wasa da shi shi ne tsawa. Muddin kunnenka ya jiyo rugugi, ko da can nesa ne, to kana cikin inda aradu za ta iya kaiwa, domin takan faɗi a wurin da ke da nisan kilomita 15 daga inda ruwan ke zuba. Shi ya sa ake samun wanda ta faɗa wa alhali ko ɗigo bai sauka a kansa ba. Akwai ɗan lissafi mai sauƙi: sauti na cin kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka in ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji ƙarar, ka raba da uku, ka sami nisan a kilomita. Amma ni ba na son sabon mai gudu ya tsaya lissafi a tsakiyar fili. Ka ji tsawa, gudun yau ya ƙare. Ka nemi gini mai rufi da bango, ko mota mai rufin ƙarfe, ka rufe gilasai. Gindin bishiya da rumfar da ba ta da bango ba mafaka ba ne, tarko ne. Kuma ka bari a yi minti 30 da jin rugugin ƙarshe kafin ka sake fitowa. Mutane da yawa a nan suke gaggawa, da ruwa ya tsagaita sai su ɗauka hadarin ya wuce.

Na biyu, ruwan da ke gudu a ƙasa. In ana sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya har titi ya cika, ka zauna gida. Ruwa mai ƙarfin gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ya ɗan haura idon sawu, yana iya kwashe ƙafar babban mutum. Ban da haka, ba ka ganin abin da ya rufe: rami, magudanar da murfinta ya buɗe, fasasshiyar kwalba, ko wayar lantarki da iska ta tsinko. Ga kuma ƙazantar da ya kwaso, wadda kan shiga jiki ta ɗan ƙaramin rauni a ƙafa.

In ka cire waɗannan biyun, abin da ya rage yayyafi ne da ruwa madaidaici, kuma su ba sa hana gudu. Hasali ma da yawa sun fi jin daɗinsa. Galibin ƙarfin da tsoka ke ƙonawa, kusan kashi uku cikin huɗu, zafi yake zama, kuma ruwan na taimaka wa jiki ya fitar da shi.

Amma a nan akwai abin da ya shafe ka kai musamman. Gogaggen mai gudu ba ya tsayawa, jikinsa na ta hura zafi daga farko har ƙarshe. Kai kuwa kana sassarfa, ka koma tafiya, ka sake sassarfa. Duk sa'ad da ka koma tafiya zafin da jikinka ke samarwa ya ragu, ga rigarka a jiƙe, ga iska na kaɗawa. Ruwa na janye ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi sau ashirin da wani abu. Don haka sanyi ya fi saurin kama sabon shiga fiye da tsohon hannu. Su ma tsofaffin hannun ba su tsira ba. A gudun famfalaki na birnin Boston a Amurka, a watan Afrilun 2018, ruwa mai sanyi da iska sun sa manyan 'yan gudu da dama sun janye a hanya. Yuki Kawauchi na Japan ne ya yi na ɗaya a maza da awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 58, wanda jinkiri ne ƙwarai in aka gwada da yadda aka saba lashe wannan gasa. To in ranar da sanyi, ka rage tsawon hutun tafiyar, ka rage fitar baki ɗaya zuwa minti 15 ko 20, kuma ka riƙa kewaya kusa da gida. In ka fara karkarwar da ba ka iya tsayar da ita, ko yatsunka suka ƙi lanƙwasuwa, ko magana ta fara sarƙe maka, ka juya nan take.

Batun kaya kuwa, ka guji auduga. Tana shan ruwa ta riƙe, ta yi nauyi, ta manne a jiki tana gurzar fata. Riga marar nauyi ta zaren roba, irin ta 'yan ƙwallo, ta fi. Haka ma safa, domin jiƙaƙƙiyar safar auduga ita ce ke jawo bororo a ƙafa. Ka shafa man baselin a matsematsi, hammata, kan nono da tsakanin yatsun ƙafa kafin ka fita. Hular hana-salla na tare maka ruwa daga ido, kuma a ganina ta fi kowace rigar ruwa amfani. Rigar leda mai kauri, in ba sanyi ake yi sosai ba, gumi kawai za ta tara maka, ka jiƙe ta ciki. Ka sa launi mai haske ko mai ɗaukar ido, don direba ba ya gani sosai cikin ruwa, birkinsa ma ba ya kamawa da wuri. Abin jin kiɗa na kunne kuma ka bar shi a gida.

A kan hanya ka gajarta taku, ƙafarka ta riƙa sauka a ƙarƙashin jikinka, ba can gaba ba. Fentin layin titi, murfin ƙarfe, tayil da jiƙaƙƙen ganye duk santsi gare su. Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba ya fi kowanne santsi, saboda yana taso da man da motoci suka zubar. Ka duba ƙasan takalminka: in ya suɗe ya yi sumul, ba na ranar ruwa ba ne. Ranar ruwa ba ranar gwada sauri ba ce.

Da ka shigo gida, kafin miƙe gaɓoɓi, kafin duba waya, ka tuɓe jiƙaƙƙun kayan, ka goge jiki, ka sa busassu. A wannan ɗan tsakanin ne sanyi ya fi shigar mutum. Ka sha ruwa ko da ba ka jin ƙishirwa, don ai ka riga ka yi gumi, ruwan saman ne ya ɓoye shi. Takalmi kuma ka zare shimfiɗar cikinsa, ka cusa masa tsohuwar jarida, ka ajiye inda iska ke ratsawa. Kada ka kara shi da wuta, zafi na lalata gam da robar ƙasan. In kana da asma ko ciwon zuciya, ko ciwon suga da ya rage maka jin taɓi a ƙafa, ka fara jin ta bakin likitanka kafin ka shiga ruwa.