Hukuncin Karanta Ra'ayin Darwin a Kan Asalin Mutum

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin halittu. Ana koya mana cewa mutum da biri kakansu ɗaya. In na rubuta haka a jarrabawa, imanina ya taɓu?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, imaninki na nan. Ƙa'idar malamai ita ce, wanda ya hakaito maganar wani ba shi ya faɗe ta ba. Alƙur'ani ma ya hakaito maganar Fir'auna. Ki rubuta "masana sun ce", ki ci jarrabawarki.

Amma ki san abin da kike hakaitowa. Darwin, mutumin Ingila, ya fitar da ra'ayinsa na sauyawar halittu a 1859, bai taɓo mutum sosai ba sai 1871, kuma bai ce birin da ke ɓarna a gona shi ya haifi mutum ba, tushe ɗaya ya ce. A lokacin tsofaffin ƙasusuwan da aka tono, waɗanda masana ke kafa hujja da su, kaɗan ne. Daga baya aka tono ƙoƙon kan wani yaro a Taung ta Afirka ta Kudu a 1924, sai ƙasusuwan da aka yi wa laƙabi da Lucy a Habasha a 1974, sai ƙoƙon kan da aka yi wa laƙabi da Toumaï a hamadar Djurab ta Chadi a 2001, wanda aka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. An yi ha'inci ma: ƙoƙon kan da aka ce an tono a Piltdown ta Ingila a 1912 haɗin kan mutum ne da muƙamuƙin biri. Wasu masu wa'azi kan kafa hujja da shi su rushe fannin duka. Ban yarda da su ba, domin masanan ne da kansu suka tona asirinsa a 1953.

Ƙasusuwan nan halittar Allah ne, musun su ba addini ba ne. Allah ya ce mu yi tafiya a ƙasa mu duba yadda ya fara halitta (Ankabut: 20). Sauyawar dabbobi da tsirrai a tsawon zamani kuwa, babu nassin da ya kore ta.

Inda za ki tsaya shi ne Annabi Adamu, alaihis salam. Daga turɓaya aka halicce shi, ba uwa ba uba (Ali Imrana: 59). Wannan labarin wahayi ne, ƙashi ba ya tabbatar da shi, ba ya kuma rushe shi. Haramun ne ki ƙudurce cewa wata dabba ce ta haife shi, ko cewa halitta ta yi kanta babu Mahalicci. Wallahu a'alam.