Ƙanena, ga ƙauyen da kake son sauka

Saƙonka na uku ke nan a wata guda: ka samu gurbin digiri na biyu a Newcastle, za ka sauka wurina, wai ai duk Ingila ce. To, zauna ka ji.

Corbridge ƙauye ne a bakin kogin Tyne, mil 16 yamma da Newcastle, mutanensa ba su kai dubu huɗu ba. Babu masallaci. Ranar Juma'a sai na hau jirgin ƙasa zuwa Newcastle, naman halal ma can nake sayowa. A Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufe. Hunturuna na farko, in na tashi daga aikin kula da tsofaffi, nakan yi mako ban ji wanda ya yi mini sallama ba. Na yi kuka, wallahi, ku kuwa a gida kuɗi kawai kuke tambaya.

Kaɗaicin nan ne ya kai ni kangon Rumawa da ke bayan gari. Wajen shekara ta 85 miladiyya suka kafa sansanin soja a nan, tun kafin Sarki Hadrian ya fara ganuwarsa a 122. Manyan hanyoyi biyu suka haɗu a wurin, sansani ya zama gari mai kasuwa da rumbunan hatsi. Da mulkinsu ya ƙare, aka kwashe duwatsun aka gina coci. Bakan ƙofar da ke gindin hasumiyar cocin na Rumawa ne. 'Yan Scotland sun ƙone garin a 1296, da 1312, da 1346. Gadar da nake takawa kullum ta 1674 ce, ita kaɗai ta tsira a kogin daga ambaliyar 1771.

Amma abin da ya taɓa ni dutsen kabarin Barathes ne, mutumin Palmyra ta ƙasar Sham. Ɗan hamada, ya mutu a wannan sanyin yana da shekara 68. Na daɗe tsaye gabansa ina tunanin ko a nan za a binne ni.

Ban yi nadama ba. Da guminna na samu takarduna, ba wanda ya riƙe mini hannu. Sai dai ka sani, tun Janairun 2024 ɗalibin irin kwas ɗinka ba ya zuwa da iyali, amarya a gida za ta zauna. Zan sauke ka mako biyu, daga nan mu nema maka ɗaki a unguwar Fenham ta Newcastle, kusa da masallaci da makarantarka.