Tambaya da Amsa: Laba Nawa ta Albarushi Mai Ɗura Harsashi Ke Ƙonawa?

Assalamu alaikum. Ɗan wana da ke karatu a Amurka ya ce maƙwabcinsa ba ya sayen harsashi, da kansa yake sake ɗura kwanson da ya harba, wai har ya ƙona albarushi sama da kilo hamsin tun da ya fara. Mun yi gardama a majalisa, ni na ce an yi wa labarin gishiri. Mai yiwuwa ne?
*Daga wani Alhaji, unguwar Sabil, Jidda*

Wa alaikumus salam, Alhaji. A wannan karon yaron ka iya zama da gaskiya, sai dai a tambaye shi wace irin bindiga mutumin ke harbawa, kuma sau nawa a mako, domin a nan amsar take.

Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, 'yar ƙwayar tartsatsi da ke gindinsa, albarushi, sai kan da ke fita ta bakin bindiga. Kwanson kaɗai ke saura bayan harbi. Mai ɗurawa yana tsabtace shi, ya matse shi ya koma girmansa na asali, ya cire tsohuwar ƙwayar ya sa sabuwa, ya auna albarushi, ya dasa sabon kai. A can ana sayar da albarushin a gwangwanin laba ɗaya ko jarkar laba 8, amma ana auna shi da wani ɗan mitsitsin ma'auni mai suna giren. Laba ɗaya, wato giram 454 ke nan, giren 7,000 ce cif. Da wannan adadi kowa zai iya yin lissafin da kansa.

Harsashin ƙaramar bindigar hannu mai milimita 9 yana cin abin da bai wuce giren 5 ba, don haka laba ɗaya tana ɗura kusan 1,400. Na bindigar harbin tsuntsu mai lamba 12 yana cin wajen giren 18, laba ta ba da 390 ko kusa da haka. Na doguwar bindiga mai lamba .223 wajen giren 25 ne, harsashi 280 ke nan. Na .308, wanda maharban barewa ke so, yana kaiwa giren 44, laba ba ta wuce harbi 160. Waɗannan alƙaluma na ƙiyasin kashe kuɗi ne kawai, kada wani ya ɗauke su ma'aunin ɗuri, domin kowane irin albarushi da saurin cinsa, kuma abin da ya dace da wannan shi ke tarwatsa bindiga da wancan.

To, mu ɗauki mai wasan harbin faifan yumɓu, wanda inji ke cillawa sama. Idan yana harbi 100 kowane mako, a shekara ya yi 5,200, giren 93,600 ke nan, laba 13 da ɗoriya, kimanin kilo 6. Shekara tara ta ishe shi ya haura kilo hamsin ɗin da kuke gardama a kai. Mai gasar harbin nesa da ke sakin harsashin .308 guda 3,000 a shekara yana cin kusan laba 19, shi shekara shida ma ta isa. Amma maharbin da ke fita daji a lokacin farauta kaɗai, ya harba 40 a shekara har da na gwada saiti, gwangwani ɗaya zai kai shi shekara huɗu, kuma zai tsufa bai ƙona laba 15 ba.

Abin da masu wannan sha'awa kan manta shi ne albarushi ba shi ne babban abin da suke ci ba. Mai faifan yumɓun nan, in kowane harsashi na ɗauke da giram 28 na ƙwayoyin dalma, ya watsa kilo 145 na dalma a fili cikin shekarar da ya ƙona kilo 6 na albarushi. Mai harbin nesa kuwa bututun bindigarsa ne ke cinyewa: zafin wutar yana zaizaye maƙogwaron bututun kaɗan-kaɗan, bayan harbi kamar 5,000 na .308 'yan gasa sukan canza shi domin saiti ya fara bazuwa. Kwanson ma yana da iyaka, yana miƙewa yana sirancewa ta wajen gindi, wuyansa ya taurare ya tsage.

Tun da haka ne, me zai hana mai lasisin bindigar farauta a nan Saudiyya ya riƙa ɗura nasa? Ba zai fi araha ba?
*Wani matashi daga Riyad*

Doka ce za ta hana shi, ɗan'uwa. Dokar makamai da harsasai ta Saudiyya, wadda aka fitar da umarnin sarki mai lamba M/45 a shekarar 1426 ta Hijira, daidai da 2005, ta keɓe ƙera makamai da harsasansu ga hukumomin gwamnati. Lasisin mallakar bindiga bai ba ka izinin haɗa harsashi a gida ba. Mai lasisi yana sayen nasa ne ta hanyar da Ma'aikatar Cikin Gida ta amince, kamar kamfanonin da ke baje kaya a baje kolin shaho da farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad. Ga wanda ke zaune da iƙama kuwa, wato takardar izinin zaman baƙo, a same shi da gwangwanin albarushi a ɗaki ba ƙaramar magana ba ce.

Batun araha ma, ko a ƙasashen da aka halatta, yawancin masu ɗurin ba sa ajiye ko sisi. Harbin ne kawai ke ƙaruwa. Ga kuma kurakurai biyu da ke raunata mutane. Na farko ɗuri biyu a kwanso ɗaya: albarushin bindigar hannu kaɗan ne, a wasu kwansuna ninkinsa na shiga ba tare da ya zube ba, ido bai gani ba sai ɗakin harsashin ya fashe a hannu. Na biyu kwanson da aka manta ba a zuba masa komai ba: ƙwayar tartsatsi ita kaɗai tana iya tura kan harsashi ya maƙale a tsakiyar bututu, harbin da ya biyo baya ya tarar da hanya a toshe.

Mun je biki a Ɗa'ifa mun ga masu ta'ashir suna tsalle suna harba bindiga ƙarƙashin ƙafafunsu, hayaƙi ya turnuƙe. Albarushin nasu ɗaya ne da na harsashi? Ya yi kama da na 'yan bindigar hawan salla a Kano.
*Malama daga Misfala, Makka*

Idonki ya gani daidai, Malama. Bindigar ta'ashir, wadda mutanen Hijaz ke kira muƙamma'a, 'yar'uwar bindigar toka ce ta gida: ta baki ake ɗura ta, a danna da sanda, a ɗora 'yar hular tagulla da kunama ke bugawa. Ba a sa mata dalma a wajen wasa. Abin da take ci baƙin albarushi ne irin na dā, shi ya sa hayaƙin da warin farar wuta. Fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska idan ya ƙone, yana saura ne a matsayin toka da hayaƙi, don haka ake buƙatarsa da yawa. Doguwar bindigar ɗuri ta baki irin ta maharban Amurka tana cin giren 70 zuwa 100 a harbi ɗaya, laba ta ƙare a harbi 70 zuwa 100. Idan ma'aunin mai ta'ashir giram 5 ne, kilo ɗaya harbi 200 ne, abin da samari ashirin za su cinye a dare ɗaya in kowa ya yi goma.

Na cikin harsashin zamani kuwa wani sinadari ne dabam, marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya samar a 1884. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin kusan sau uku, matsin da yake haifarwa kuma ya wuce abin da aka ƙera bindigar ɗuri ta ɗauka. Duk wanda ya farke harsashi ya juye abin cikinsa a muƙamma'a ko bindigar toka, bam ya riƙe a hannunsa.

Sauran haɗurran wasan sanannu ne ga masu yinsa. Garwashi kan saura a cikin bututu bayan harbi, shi ya sa ake zuba albarushi daga ƙaramin ma'auni, ba kai tsaye daga gorarsa ba, kuma ba a leƙa bakin bindiga yayin ɗuri. In kunama ta buga bai tashi ba, a bar bakin yana kallon ƙasa na minti guda cur, domin wutar kan yi jinkiri. A tabbata an zare sandar ɗuri. Rashin dalma bai sa harbin ya zama wasan yara ba, a kusa yana ƙona ƙafa yana fasa ido. Tokar kuma tana jan laima tana cin ƙarfe, ko a Ɗa'ifa balle Jidda mai gumi. A daren za a wanke bututun da ruwan zafi, a busar, a shafa mai.

Mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Muna kwashe kayansa a ɗakin saman bene sai muka ga gwangwani biyu masu tsatsa da kwalin harsasai. Ɗaya yana wani wari mai yaji. Mu zubar a shara?
*Hajiya daga Madina*

Amin, Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Kada ku zubar a shara, kada ku juye a magudana, kada kuma a ɓanɓare murfin da wuƙa ko sukundireba. A fitar da yara daga wajen, a buɗe taga, a kashe duk wata wuta, sannan a kira 'yan kwana-kwana ko 'yan sanda a lambar gaggawa 911, a faɗa musu kayan gado ne kuka tarar. Ita bindigar in akwai, su za su nuna muku yadda magada ke miƙa ta ko gyara takardunta.

Warin nan shi ne abin damuwa. Albarushi marar hayaƙi yana ruɓewa a hankali tun daga ranar da aka yi shi, yana fitar da iska mai tsami, shi ya sa masana'anta ke haɗa masa wani sinadari da ke shanye ta. Zafi na cinye wannan sinadarin da sauri. Ƙa'idar da aka saba ita ce duk ƙarin digiri 10 yana aƙalla ninka saurin lalacewar. Wanda aka ajiye a wuri mai sanyi yana kai shekaru da dama lafiya, yana ɗan ƙanshi irin na sinadarin goge farce. Ɗakin saman bene a Madina, inda zafin bazara ke haura digiri 45 a inuwa, shi ne mafi munin wurin ajiya. Alamomin lalacewa su ne wari mai harbin hanci, jan ƙura-ƙura a kan ƙwayoyin, da tsatsa ta cikin gwangwani. Idan ya kai nan yana iya ɗumama kansa har ya kama wuta ba wanda ya taɓa shi. Haka jiragen ruwan yaƙin Faransa biyu suka tarwatse a tashar Tulon, Iéna a 1907 da Liberté a 1911.

In kuma baƙin albarushi ne a ɗaya gwangwanin, shi tsufa ba ya rage masa ƙarfi muddin yana bushe, tartsatsi ɗaya ya ishe shi ko bayan shekara ɗari. Harsasan cikin kwalin sun fi sauƙin haɗari, amma su ma a bar su yadda suke har jami'ai su iso, kada wani ya ce zai gwada ko suna tashi.