Amsa ga malamar da ke neman dabarar koyar da kewayen da'ira

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce yaranki na JSS sun haddace 22/7 amma ba su san daga ina ta fito ba, to shawarata ki ajiye fomula tukuna, ki ce gobe kowa ya zo da abu mai zagaye daga gida, faifai, murfin tukunya, gwangwanin madara, ke kuma ki taho da zare da rula ko tef ɗin tela.

Su naɗa zaren a bakin abin sau ɗaya su yanke, sannan su ɗora shi ta tsakiya daga gefe zuwa gefe, za su ga sau uku yake shiga da ɗan ragowa, ko murfin babba ne ko ƙarami. Wannan ukun da ɗoriya ita ce pi. Sai su raba kewayen da dayamita, wato faɗin abin ta tsakiya daga gefe zuwa gefe, ki rubuta amsar kowa a allo, wani zai samu 3.1 wani 3.2, dan Allah kar ki ce sun yi kuskure, awon hannu ne.

Sai ki kawo tayar keke mai dayamita santimita 70, juyi ɗaya santimita 220 kenan, juyi 100 kuma mita 220, maza na son wannan sosai.

Ki gaya musu 22/7 kusantowa ce kawai, ita 3.1428 take bayarwa, pi kuwa 3.14159 ce kuma ba ta ƙarewa. Kuma ki sa ido, da yawa suna saka rediyos, wato rabin dayamita, a gurbin dayamita su manta ninkawa biyu.