Me ya sa ba a "shan" magani da Turanci?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina aji shida na sakandare a wani ƙauye kusa da Ringim. Na haddace kalmomin Turanci da yawa, amma a gwajin makaranta na rubuta "drink medicine" da "do a mistake", malaminmu ya soke su da jan biro. Ga WAEC ta matso, hankalina a tashe yake. Ina kuskuren?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Kalmominki lafiyarsu ƙalau, haɗin ne bai yi ba. Sunaye (nouns) da yawa a Turanci suna da aikatau (verb) da suka saba tafiya da shi: "take medicine", "make a mistake".

Dubi Hausarmu. Da "sha" ɗaya muke shan ruwa, mu sha magani, a sha taba, har mangwaro shansa muke yi. Bature ya rarraba: "drink water", "take medicine", "smoke a cigarette", "eat a mango". Haka "ci": cin jarrabawa "pass an exam", cin ƙwallo "score a goal", cin zaɓe "win an election".

Abin da ke ƙona mini rai shi ne 'yan littattafan nan da ake talla a tasha da ranar kasuwa, wai Turanci cikin wata ɗaya. Kalma a hagu, fassara a dama, shi ke nan. An rubuta "yi" daidai da "do", yarinya ta haddace da zuciya ɗaya, daga nan komai "do" ne. Wasu masu lesin ma haka suke, su karɓi kuɗin da uba ya sayar da buhun gero ya biya, su sa yara rera jerin kalmomi kamar karatun aku. Wallahi kullum sai na ci karo da ɓarnar nan a aji, kuma gyara wanda ya haddace kuskure ya fi koyar da sabon shiga wuya. Jarrabawa kuwa nan take kama mutum, domin za a bar gurbi kafin "attention", a jera zaɓi masu kama da juna, alhali "pay" ake nema.

Ki ware littafi guda. Duk sunan da kika tsinta a tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, ki rubuta shi da aikatau ɗinsa cikin jimla, ki karanta a bayyane. Fara da masu rikitarwa: "make a decision", "do homework", "take a bath", "tell a lie". Biyar a rana sun isa.